Marke Kafin Bagaruwa

Sunansa Lado. Ga shi na faɗa muku, ku da kuke saurarena, domin a gidanmu ban taɓa buɗe baki na kira sunan nan ba. In zancensa ya taso sai in ce "na kan hanyar Dungas", Gwaggo Fanta, ƙanwar Babana, ta yi ta tsokanata wai mutanen kan hanyar Dungas ai suna da yawa, wanne daga ciki. Ni kuwa Hinda nake, 'yar Mallawa, kuma abin da zan gaya muku bai daɗe da faruwa ba, har yanzu zuciyata ba ta sauka ba.

Tun kakar bara danginsa suka kawo kaya gidanmu: zanen saƙi baƙi mai ratsin ja, fatala biyu, tsakiya, sabulun Kano da goro. Inna ta rarraba goron, sauran ta zuba a taskira ta rataye a ragaya can saman ɗakinta. Aka ce sai kaka ta zagayo a sa rana. In Inna ta tafi rijiya nakan hau turmi in leƙa taskirar, in shafa zanen in mayar, kamar wani zai sace.

Da rani ya tafi Magariya dakon gyaɗa, tunda Nasara ya buɗe ciniki samarin ƙasarmu duk can suke kwarara, suna loda buhuna a kamiyo, manyan motocin kaya. A nan wani ƙarfe na gefen mota ya yanke shi a ƙwaurin hagu. Ɗan yanka ne, wanda ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Ya yagi tsumma ya ɗaure ya ci gaba da aikinsa. Kafin ruwan fari ya sauka, ɗan yankan nan ya buɗe baki ya zama gyambo.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai gyambo ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ranar kasuwar Mallawa yakan zo zance, in shimfiɗa masa tabarma a gindin dangarmu. Sai ya tsaya ya duba inda iska ke kaɗawa, ya zauna ta inda za ta kwashe warin ta yi gaba da shi, wai shi a tunaninsa ban lura ba. Yana ba ni labarin Magariya, da gardin kumandan, 'yan sandan Nasara, da hularsu ja, yana sa ni dariya, hannunsa ɗaya kuwa yana ta korar ƙuda da gefen riga. Ni ban taɓa toshe hanci ba, Allah ne shaidata. Tausayinsa ne kawai yake cika mini ciki har in kasa cin tuwo.

Gwaggo Fanta ba ta da wannan haƙurin. Da ta hango shi daga nesa sai ta leƙo ɗaki ta ce, "Hinda, fito, ango ya iso da 'yan rakiyarsa." Ƙudan take nufi.

Bayan an gama noman fari Baba ya kira Inna tsakar gida. Da ita yake magana, amma ya ɗaga murya yadda zan ji daga madafa.

"Ba ni da abin faɗa a kan halin yaron nan," ya ce. "Amma ni manomi ne, manomi zan ba 'yata. Ranar da za mu kwaso gero, ya zo da ƙafarsa ya ɗauki dami ya kai rumbu, yadda kowane mai neman aure yake yi wa surukinsa. In ya zo, a sa rana. In bai zo ba, ki sauke taskirar nan a mayar musu."

"Malam, da an ba su shawara sun kai shi wurin lokotoro, likitan Nasara, a Magariya," in ji Inna.

"Ki je ki gaya wa Ɗayyabu haka."

Ɗayyabu maƙwabcinmu ne. Da ciwon ƙafa aka kai shi Magariya, ya dawo da ransa da sanda, ƙafar kuwa can aka bar ta. Tun daga ranar, a Mallawa in an ce lokotoro, zarto mutane ke ji. Ni kuwa na bar miya ta kama a tukunya.

Wurin Iya Ɗela na gudu, kakata ta wajen uba. Ɗakinta na can ƙarshen gida, rufinsa cike da ƙulle-ƙullen saiwa da sassaƙe da hayaƙi ya baƙanta. Duk mai ciwo a yankinmu ya san ƙofar nan. Sai dai gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, daga gado sai bakin ƙofa, kuma cikin jikokinta ni kaɗai na yarda na zauna na koyi sunayen itatuwa.

"Kuka kika zo yi mini ko magani kika zo nema?" ta ce. "In kuka ne, ki je wurin uwarki, ni ɗakina ƙarami ne."

"Tsohuwa, ki taimake ni."

Ta miƙa hannu ta ciro wani guntun ɓawo ta ce in tauna. Na tauna, bakina ya ƙame.

"Me kika ji?"

"Bauri."

"To baurin nan shi ne ƙarfinsa. Wannan marke ne. A dafa sassaƙensa har ruwan ya yi ja, a bar shi ya huce, a riƙa wanke ciwon safe da yamma. Kada a rufe, a bar shi yana zubar da mugunya. Shi ke kashe abin da ke cin naman. Sai mugunyar ta ƙare, naman ya yi ja wur kamar na sabon yanka, sannan a barbaɗa garin bagaruwa." Ta jawo wata 'yar batta ta buɗe mini. "Kin ga majema, da me suke jeme fata ta shekara ba ta ruɓe ba? Da ita. Amma bagaruwa ba ta da hankali, Hinda. Fata ce aikinta, ta akuya ko ta mutum duk ɗaya. Abin da ta tarar a ciki, a kansa take rufewa. Marke tukuna, sannan ita."

Garin bagaruwar tana da shi tun na rani. Marken ne ta ce sai ɗanye, kuma sai an bi ƙa'idarsa. Wanda zai saro shi ya fita da sassafe, ya ajiye wa itacen ɗan gero a gindi, ya sassaƙi gabas ya sassaƙi yamma. Daga fitarsa gida ba ya magana da kowa, har ya danƙa maganin a hannun mutanen mai ciwo, ya dawo bai waiwaya ba. In ya yi magana, in ji Iya, abin da ke hannunsa ya zama itacen hura wuta.

Na ce, "Iya, ni zan je gidansu? Gidan da ba a kai ni ba?"

"Ba cewa na yi ki shiga ba. Ki tsaya a ƙofa. Ubanki kuma ki bar ni da shi, ni na haife shi."

Washegari na ɗaura tsohon zanena mai shuɗi na shiga daji. Kada in yi muku ƙarya, na ɗan sa kwalli, na kuma ɗaura fatala mai kyau a kan tsohon zanen, ko da wani zai leƙo ta danga. Raɓa ta jiƙa ni har gwiwa. Na sami marken a bakin wata fadama, dogo mai farin jiki, na zuba masa gero, na yi masa sallama a zuci, na sassaƙi gabas na sassaƙi yamma, na shafe masa wurin da laka yadda Iya ke yi. Na yagi gefen zanena na ƙulle sassaƙen, ƙulli irin nawa mai kunne biyu. Mata masu zuwa gona suka yi ta gaishe ni a hanya ina sunkuyar da kai, wata har ta ce 'yar gidan Ɗela ta fara girman kai.

Rana ta ɗaga kafin in kai ƙauyensu. A ƙofar gida na tarar da mahaifiyarsa, Inna Ƙande, ta dawo daga rijiya. Ita ba 'yar karkara ba ce. A birnin Damagaram ta tashi, cikin 'yan koli, ta san turare da kanwa da kowane irin murjani, amma aure ne ya kawo ta cikin itatuwa. Na durƙusa har ƙasa na rufe rabin fuskata da fatala.

"Lale, lale da 'yata," ta ce, ta sauke tulu. "Daga wurin Iya Ɗela?"

Na gyaɗa kai.

"Af, na gane. Irin wanda ba a magana ne."

Na kama hannunta na dama na sa ƙullin marken, na danna shi a tafinta, na ɗan jira. Sannan na ɗauko battar na sa a na hagu. Iyakar abin da zan iya ke nan. Ta buɗe battar ta shinshina.

"Wannan shi ne na sawa a ciwo, ko ba a faɗa ba." Ta jijjiga ƙullin. "Wannan kuma itace ne."

Maganar ta zo mini har kan harshe. Marke tukuna, Inna. Abin da zan ce ke nan, bai fi numfashi ɗaya ba. Amma in na faɗa maganin ya mutu, kuma ko ba don haka ba, wace yarinya ce za ta ɗaga ido ta koya wa uwar mijin da za ta aura aiki a ƙofar gidanta? Daga cikin gida na ji tarinsa, na san ya san na zo. Na tashi na juya, ban waiwaya ba har Mallawa.

Ina shiga ɗakin Iya na ce, "A aika a gaya mata yadda ake yi. Ban ga alamar ta sani ba."

Iya ta harare ni. "In aika wa babbar mace yadda za ta wanke ciwon ɗanta? Matar da ta haifa ta yaye ta aurar? Wa bai san marke ba a ƙasar nan? So kike a ce tun ba a kai ki ba gidanku sun fara raina ta?"

Na bar maganar, don ni ma na ga kamar gaskiyarta.

Ba a daɗe ba labari ya zo, kuma Gwaggo Fanta ce da kanta ta kawo shi daga kasuwa. Ta shigo tana kwance goro a gefen zane ta ce, "To Hinda, 'yan rakiyar angonki sun watse. An ce ciwo ya bushe ƙaƙas, ba ruwa ba wari. Uwarsa ta hana shi fita ne kawai, wai sai ranar kwasar gero zai taka ƙasa."

Ban san sanda na rungume ta ba, ita da ba ma shiri. Na ruga ɗakin Iya na gaya mata. Maimakon ta yi murna sai ta dakata da taunar goronta.

"Har ya bushe? Da wuri haka?"

"Tsohuwa, maganinki ya ci kuma kina ɓata rai?"

Sai kawai ta ce in miƙo mata buta. Ni kuwa murna ta riga ta toshe mini kunne. Sauran damina na ƙarasa ta ina waƙa a bakin turmi, har Inna ta fara cewa in rage, mutane na ji.

Ranar kwasar gero na tashi na yi wanka da sabulun Inna, na sa zane mai ɗorawa, na zuba warwaro a hannu, lallen da na ƙunsa ya kama ja har ya yi duhu. Gonarmu na bayan gari kaɗan, rumbunan kuwa a gefen gida. Samarin gayya sun taru, mai ganga yana kiɗa, dammunan gero a jere. Sai ga shi ya ɓullo ta hanyar Dungas, a ƙasa, da ƙafarsa. Farar riga, dogon wando har idon sawu, da sababbin takalma na jar fata. Mahaifiyarsa na biye da shi da wasu mata ɗauke da ƙoren fura. Samari suka yi ta kiran sunansa, mai ganga ya juya kiɗa ya koma kansa. Na ga Baba ya shafa gemu yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tashi aka ɗora masa dami. Ya kai rumbu ya dawo, aka ɗora masa wani. Ina tsaye da 'yan mata a inuwar gawo muna dama fura, idona na kansa. A nan na fara ganin abin da sauran ba su gani ba. Diddigensa na hagu ba ya taɓa ƙasa, da yatsu yake takawa. Gumi na zubo masa ba irin na aiki ba, leɓɓansa sun yi fari, kuma murmushin nan da yake yi wa mutane bai motsa ba tun zuwansa, kamar an ɗaure masa shi.

Dab da rumbu ya tsaya da dami a ka. Ya yi kamar zai gyara shi, sai ya tafi gaba ɗaya ya faɗi, geron ya watse a ƙasa. Ganga ta yi shiru.

Zaurenmu ne mafi kusa, nan aka kwantar da shi. Shigarsa gidanmu ta fari ke nan, a hannun mutane. Ni ba ni da damar shiga, sai na maƙale a bayan zana ina leƙe ta wata ɓula. Aka tallabo Iya Ɗela aka zaunar da ita kusa da shi. Ta ce a naɗe wandon, ya ƙi naɗuwa, sai da aka sa wuƙa aka tsaga.

Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli tun daga idon sawu har gwiwa. Inda gyambon yake ya rufe ruf, baƙi, busasshe, kamar jemammiyar fata. Iya ta ɗora yatsa a gefensa ta ɗan danna. Ya yi wani nishi, gefen ya tsage, abin da ya fito ba zan kwatanta muku ba. Maza suka ja da baya suna rufe hanci. Iya ba ta ja ba. Ta taɓa yatsun ƙafar, ta daɗe a kansu, sannan ta lalubi matsematsinsa ta ji kaluluwa. Ta ɗago ta nemi mahaifiyarsa da ido.

"Ƙande, kun daɗe kuna wanki da marken kafin ku sa garin?"

"Wane marke, Iya?"

"Sassaƙen da yarinya ta kawo miki."

"Af, itacen nan? Ai ba mu kai gare shi ba. Garin muka fara sawa, muka ga yana bushewa, sai muka yi ta ƙarawa. Na ɗauka shi itacen na sha ne, in garin bai ci ba." Ta kwance gefen zanenta. "Na ma zo miki da shi tare da ɗan goro, na ce kada ya lalace a wurinmu, wani ya amfana."

Ta ajiye shi a kan tabarma. Shuɗin ƙyallen zanena ne, da ƙullina mai kunne biyu, yadda na ɗaure shi a bakin fadama. Ko sassauta shi ba a yi ba.

Iya ta kalli ƙullin, ta kalli zanar da nake bayanta, don ta san ina nan. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Na fi son da ta yi.

"To a dafa shi yanzu mana, Iya," in ji Inna Ƙande. "A ɗora tukunya, ga shi nan ai."

"Marke yana wanke abin da ruwa zai iya kaiwa ne. Wannan ya daɗe a rufe yana cin ciki, ya kai ƙashi, yatsun ma sun yi sanyi. Ya wuce itace, Ƙande. Ku kai shi Magariya yau ɗin nan, in kuna son ransa."

"Za su yanke masa."

Inna Ƙande ta ɗora hannu a ka ta zauna daɓas a ƙasa, kukan ma ya ƙi fita.

Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, zazzaɓi na kaɗa ta. Da Baba yake.

"Baba, na zo. Da ƙafata na zo, na ɗauki dami."

"Ka zo, ɗana. Kowa ya gani."

"To in na dawo fa?"

Baba ya kalli ƙasa. Ba mugu ba ne, ku yarda da ni, na ga idonsa ya kawo ruwa. Amma mutane na tsaye, kuma shi mutum ne da ba ya tauna magana biyu.

"Ka dawo yadda ka tafi," ya ce, "maganarmu tana nan."

"Na gode, Baba," in ji shi, ya rufe ido. Har da godiya. Wannan godiyar ita ta karya ni, na toshe bakina da fatala don kada a ji ni.

Aka aro takarkari wurin wani Bafulatani maƙwabcinmu, aka shimfiɗa masa buhu, aka ɗora shi, za a kai shi bakin babbar hanya inda kamiyon gyaɗa ke wucewa. Mahaifiyarsa na riƙe da kansa, maza na biye. Bai waiwayo ba, ban ma sani ba ko yana gane inda yake. Geron da ya zubar na nan a gaban rumbu, kaji sun taru a kai, ba wanda ya kore su.

Da zauren ya watse na shiga. Iya kaɗai ce a zaune, ba wanda ya tuna ya mayar da ita ɗaki. Ƙullin marken na kan tabarma. A gefensa kuma ga takalminsa ɗaya, sabo, na jar fata, wanda aka cire masa lokacin da za a tsaga wandon. Na hagu ne. Na ɗauka da sauri na nufi ƙofa, don ba su yi nisa ba, in na yi gudu zan cim musu kafin su fita gari.

"Hinda," in ji Iya.

Na tsaya.

"Dawo ki zauna, 'yar nan. Wannan ba zai ƙara nemansa ba."